Masar Gindin Durumi

Ranar Asabar da hantsi Amatullah na zaune a tsakar gidansu da ke Tirwun, faranti a kan cinyarta, wai tana tsintar wake. A gaskiya wayarta ta fi waken samun hannunta. Ummanta, Malama Khadijatu, ta leƙo daga kicin sau biyu. A na uku ta fito ta riƙe ƙugu.

"Amatu, waken nan na yau ne, ko sai an ga watan sallah?"

"Saura kaɗan, Umma. Wata ce za ta yi baƙi daga Jos, tana tambayar inda za ta kai su."

"To, sarauniyar baƙi! Ki gaya wa mutanen Jos mu ma nan muna jiran abincin rana."

Amatullah ta yi dariya ta kife wayar. Tana aji uku a jami'a, tana karanta labarin ƙasa, amma abin da aka fi sanin ta da shi wani shafi ne da ta buɗe a Fesbuk mai suna Bauchi da Ƙafa. Haushi ne ya sa ta buɗe shi. A shekararta ta farko ta gaji da jin ɗaliban da suka zo daga wasu garuruwa suna cewa babu abin yi a Bauchi sai barci da kallon duwatsu. Sai ta fara fita duk yammacin Asabar ita da ƙawarta Felicia, 'yar ajinsu, su zaga gari, ta dawo ta rubuta abin da ta gani. Abbanta ya yarda bisa sharaɗi uku: ba ta fita ita kaɗai, ba ta sa hoton fuskarta, kuma a gida magariba za ta yi mata.

Rubutun nata gajere ne. "Idan ruwa ya ɗauke da la'asar, hau keke napep zuwa hanyar Miri, ka sauka kafin gari, ka tsaya ka shaƙi ƙamshin ƙasa." Ko kuma: "Mai neman tsofaffin littattafai ya nemi dattijon nan mai tabarau ɗaure da zare a gefen kasuwar Wunti. Kada ka nuna masa kana so, shi ma ba ya nuna yana son sayarwa." Ko: "Dafaffiyar gyaɗa sai ta matan Zungur. Ka ci da ɗuminta, a tsaye." Ɗalibai suka riƙa bin maganarta, har mabiyanta suka kai dubbai. Da wuri ta lura da abin da duk mai rubutu a waya yake lura da shi: yabo mutum ashirin ke karantawa, amma suka mai ban dariya takan zaga gari kafin la'asar.

Wayar ta yi ƙara. Mansir ne.

"Ina ƙofar gida," ya ce, sallamar ma da ƙyar ya ƙarasa ta.

Mansir malamin lissafi ne a wata sakandare. Wata takwas da suka wuce suka haɗu a laburare, kowannensu yana neman kujerar da ke bakin taga. Mutum ne mai tsari: Juma'a bayan la'asar yake zuwa zance, bai taɓa saɓawa ba. An kuma tsayar da magana cewa mako mai zuwa Baffansa zai zo wurin Abbanta neman aure. Shi ya sa zuwan hantsin Asabar ya sa gabanta ya faɗi.

Ta zura hijabi ta fita. Yana tsaye a gindin darbejiya kusa da mashin ɗinsa. Bai amsa gaisuwarta sosai ba, ya miƙa mata wayarsa.

"Ke kika rubuta wannan?"

Ta duba. Rubutunta ne, na fiye da shekara guda, tun kafin ta san shi.

"Masar Gindin Durumi, Jahun. Allah ya jiƙan masa! A da in ka ci uku sai ka nemi ta huɗu. Yanzu in ka ci ɗaya sai ka nemi ruwa da gafara. Ciki kamar katifar hostal. Wanda yake da maƙiyi ya saya masa."

"Ni ce," ta ce, har tana shirin murmushi, don wannan rubutun ya fi duk sauran yaɗuwa. "Me ya faru, Malam?"

"Wurin Hajiyata ne."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya taɓa gaya mata Hajiyarsa tana da wurin sayar da abinci. Ita ba ta tambaya ba, shi bai ƙara ba, kowa yana ganin akwai lokaci.

"Inna lillahi… Malam, wallahi ban sani ba!"

"Na san ba ki sani ba. Ni ma ban san ke ce ba, ba na hawa Fesbuk. Yaya Rukayya ce ta gano jiya, ita ke riƙe da wurin yanzu. Ta tambayi sunan shafinki, na faɗa mata ina alfahari." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Amatu, da tandar nan Hajiya ta rene mu mu biyar bayan rasuwar Babanmu. Shekara talatin. Bayan rubutun nan ɗaliban da ke zuwa gayya guda ranar Lahadi suka ɗauke ƙafa. Har yau akwai masu wucewa a mashin su ɗaga murya su ce, a ba mu katifa biyu! Hajiya tana daga cikin gida tana ji."

Amatullah ta dafa bangon gidan.

"Me ta ce?"

"Ta ce Baffa ba zai taka ƙofar gidan nan ba, sai kin rubuta a shafin nan cewa ƙarya kika yi. Ki ce ba ki taɓa zuwa wurin ba, wasa ne."

"Amma na je, Malam. Na ci."

"Layi uku ne kawai, Amatu."

"Kai kana cin masar?"

Ya kau da kai. "Ni ɗan gida ne. Tun ina yaro na ƙoshi da ita."

"To ka ci gobe, ka—"

"Ba masa na zo mu yi gardama a kai ba!" Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shi kansa ya ji, sai ya sassauta. "Filis. Ba zan iya tsallake maganar Hajiya ba, kin sani. Kuma ba zan iya haƙura da ke ba. Ki taimake ni."

Ya tayar da mashin ya tafi. Ta koma ciki, ta wuce farantin waken, ta faɗa ɗaki. Kukan da ta riƙe a waje ya ƙwace mata.

Umma ta ji labarin a tsaye, hannu a ƙirji.

"Kin gani ko? Tun yaushe nake ce miki bakin nan naki na waya zai jawo mana? Tashi ki rubuta abin da aka ce! Masa ce fa, Amatu, masa! A kan masa za ki rasa yaro irin Mansir?"

"Umma, ƙarya za a ce in yi a gaban mutum dubbai."

"Su dubban ne za su aure ki?"

Abbanta, Malam Abdulbaqi, ya dawo daga masallaci bayan azahar. Ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ba mai yawan magana ba. Ya saurari Umma har ta gama, sannan ya zauna a kujerarsa ya cire hula.

"Ba zan ce ki yi ƙarya ba," ya ce. "Amma kawo wayar. Karanta min abin da kika rubuta, da ƙarfi, kamar matar tana zaune a nan."

Amatullah ta fara. "Masar Gindin Durumi, Jahun. Allah ya jiƙan…" Ta katse. Ta sake gwadawa, ta kai ga katifar hostal ta tsaya. Kalmomin da suka yi mata daɗi a allo sun zama wani abu daban da suka fito ta bakinta a gaban mahaifinta.

"Ƙarasa mana."

"Ba zan iya ba, Abba."

"To. A cikin wannan wanne ne gaskiya, wanne ne neman dariya? Ni na riƙa kai ki wurin matar nan a bayan mashin, kina da shekara shida, lokacin muna cikin gari. Takan ƙara miki ɗaya ta ce ta yarinya ce. Ranar da kika ci kika ji ta canja, taku nawa ne tsakaninki da mai tuyar?"

Ta sunkuyar da kai.

"Taku biyu bai kai ba," ya ce. "Amma kika hau keke kika dawo Tirwun kika gaya wa duniya."

Ranar Litinin a makaranta ta gaya wa Felicia. Felicia ta zare ido ta dafe kai.

"Yesu na! Amatu, ai ni na fara cewa katifa! Ki ce musu ni ce. Ki ce Felicia ce, 'yar bakin tsiya, ni ba surukarsu zan zama ba."

"Ke kin faɗa min ne a keke, mu biyu. Ni na rubuta."

"To ki rubuta musu abin da suke so mana. Wa zai tuna bayan sati biyu? Yau a yi magana, gobe wani ya yi abin kunya a manta da ke."

"Ni zan tuna. Kuma kullum na zauna gaban matar nan zan san da me na shiga gidanta."

A ranar ta goge tsohon rubutun, ta sa wani a madadinsa: "Bara na yi wa Masar Gindin Durumi ba'a a shafin nan. Na wulaƙanta sana'ar uwa don a yi dariya, alhali ban taɓa zuwa na yi mata magana ba. Na yi kuskure, ina neman afuwarta. Duk wanda ke tsokanar wurin nan da maganata, don Allah ya daina." Ba ta ce ƙarya ta yi ba.

Da yamma Mansir ya turo saƙo: "Na gani. Na gode. Amma ba shi aka nema ba."

Ranar Laraba ita da Umma suka tafi Jahun. Gidan tsohon gini ne, durumin yana ƙofar gida, a gindinsa rumfar masa da bencina uku, biyu babu kowa a kai. Aka shigar da su ɗakin Hajiya Saudatu. Doguwar mace ce da tsufa ya fara ranƙwasa, ta miƙe ƙafafu a kan darduma saboda ciwon gwiwa. Bayan hannayenta duk ƙananan tabon mai ne, irin wanda shekaru suka mayar kamar zane. Rukayya, babbar 'yarta, tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu.

Bayan gaisuwa Umma ta yi dogon bayani na ban haƙuri: yarinta ce, zamani ne, waya ce. Hajiya ta bar ta ta gama, sannan ta juyo ga Amatullah.

"Ke nake son ji. Abin da kika rubuta a kaina, ƙarya ne ko gaskiya?"

Amatullah tana durƙushe, ta ji yatsan Umma yana dannar bayanta.

"Hajiya, yadda na rubuta shi rashin kunya ne, kuma na yi nadama. Ki yafe min don Allah."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Abin da na ji a bakina… shi na ji, Hajiya."

"Kin ji ko!" Rukayya ta taɓa hannu. "A cikin ɗakinki ma, Hajiya! Ke me kika sani a masa? Ko ƙwai kin iya soyawa?"

"Ban iya masa ba, Anti. Ci kawai na iya." Hawaye na zuba, amma maganar ta ƙi tsayawa. "Tun ina ƙarama Abba ke kawo ni nan. Na san ta da. Gefenta yakan yi ƙaras-ƙaras, in ka raba ta sai ka ga ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Zaƙi ke fara zuwa, tsamin sai ka haɗiye yake biyo baya, kaɗan. Ko ta huce ba ta tauri. Nakan kai ta makaranta a leda, har ƙarfe tara tana nan yadda take. Duk garin nan babu irinta. Shi ya sa ranar na ji haushi, Hajiya, ba don na raina ki ba."

Hajiya ta dube ta. Fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Kun kyauta da kuka zo," ta ce da Umma. "Ku gaida gida."

A keke suka kamo hanyar gida har suka wuce Wunti. Sannan Umma ta ce, ba tare da ta kalle ta ba, "Halin ubanki. Sak."

Daga nan aka shiga jira. Juma'a ta zo, babu Mansir. Hajiya ta hana shi zuwa, shi kuma ya bi. Saƙo ɗaya ya turo: "Ban canja ba. Ki yi min addu'a, ina yi miki." Juma'a ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Amatullah ta gano cewa ba rashin ganinsa ne ya fi ciwo ba, sai lokacin la'asar ɗin Juma'a, da jikinta kan tashi da kansa ya ɗauko hijabin fita, sannan ta tuna ta mayar. 'Yan uwan da aka riga aka sanar suka fara tambayar Umma ya aka ji shiru. Umma takan ce ana shiri, ta shiga kicin ta share ido da gefen zani.

Wata rana tsakanin lakcoci Amatullah ta zauna a bayan ɗakin karatu ta rubuta layukan nan uku. "Ban taɓa zuwa Masar Gindin Durumi ba. Wasa nake yi. Ƙarya ce." Ta daɗe yatsanta yana saman allon. Ta ga abin ba wuya. Ko minti ɗaya bai ci ba. Ta hango Mansir a gindin darbejiya ranar Juma'a. Sannan ta hango Hajiya tana karɓar ta a matsayin yarinyar da ta yi mata ƙage haka kawai, ta hango kanta tana amsa wannan sunan shekara da shekaru. Ta goge, ta tafi aji da jajayen idanu.

Ba ta rufe shafin ba, amma ya canja. Wata Asabar suka sha zoɓo a wani shago a Yelwa, suka ji citta ta yi yawa har tana ƙona maƙogwaro. Felicia ta ɗaga gira.

"Wannan kam maganin mura ne. Rubuta!"

Amatullah ta tashi ta je wurin mai shagon, ta yi masa magana a hankali. Mutumin ya ɓata rai, ya ce shi haka yake yi tun kafin a haife ta. Ta ba shi haƙuri suka fita. A shafin ta rubuta labarin wata mata mai kunun aya da ke gaba kaɗan. Masu sharhi suka fara ƙorafi: shafin ya zama wa'azi, ina barkwancin da? Mabiya suka ragu. Ta ga suna raguwa, abin ya yi mata zafi fiye da yadda take son amincewa, amma ta bari.

Wata uku cif, ranar wata Lahadi da safe, Mansir ya kira.

"Hajiya na kiran ki. Yanzu. Ta ce ki zo ba ki karya ba."

Abba ya ce ta je. Umma ta raka ta har bakin titi tana tofa mata addu'a.

Ɗakin dai shi ne. Hajiya a kan dardumarta, Rukayya a zaune gefe fuska a ɗaure, Mansir a tsugune bakin ƙofa, ya rame. A tsakiya akwai faranti biyu, kowanne an kife shi da kwano.

"Kin ce ci kika iya," Hajiya ta ce. "To bisimilla. Buɗe ki ci, ki gaya min abin da kika ji. Duka. Kada ki rage."

Amatullah ta wanke hannu. Ta buɗe na dama ta ɗauki ɗaya ta raba. Tun kafin ta kai baki ta gane. Ramukan suna nan, ƙamshin yana nan. Ta tauna, ta haɗiye, tsamin ya biyo baya a hankali. Ta rufe ido.

"Wannan ita ce, Hajiya. Ta da."

"Da asuba na toya ta, a zaune a kan kujera. Ci ɗayan."

Ta buɗe na hagu. Ta ci. Nauyi, warin yis, ciki a cushe. Babu abin da ya canja daga bara. Ta ɗaga kai, idonta ya faɗa kan Rukayya. Matar da ta yi mata tsawa wata uku da suka wuce yanzu tana murza gefen mayafinta, ba ta kallon kowa. A yatsunta akwai sabon ƙunar mai.

"Ina jin ki," Hajiya ta ce.

Mansir ya ɗago yana kallonta.

"Hajiya," Amatullah ta ce, "akwai abin da na ji. Ba zan ce babu ba. Amma ki yi min izini in faɗa wa Anti Rukayya, ni da ita kaɗai. Ita ta toya."

"Ni na tambaye ki."

"Na sani, Hajiya. Ki yi haƙuri. Sau ɗaya na taɓa faɗar laifin masar nan a gaban mutane. Ba zan ƙara ba."

Rukayya ta fashe da kuka.

"Hajiya, ni ce! Gaskiya ta faɗa tun farko. Tun da shinkafa ta yi tsada na fara haɗawa da gari. Ƙullun ma na daina barin sa ya kwana, da asuba nake haɗawa in zuba yis da yawa ya tashi da sauri. Ga yara, ga gidan miji, ga nan… na kasa, Hajiya. Na ji tsoron in gaya miki ki ce na kashe miki sana'a. Da rubutun ya fito sai na ce miki maƙiya ne."

"Na sani," Hajiya ta ce.

Duka suka dube ta.

"Shekara biyu rabona da sa masa a baki, tun da likita ya ce ina da suga. Gwiwa kuma ta hana ni fita rumfa. Abin da aka gaya min shi na ɗauka." Ta nuna Amatullah da haɓa. "Ranar da yarinyar nan ta zo ta ce tsamin sai an haɗiye yake zuwa, na san ba ƙirƙira ta yi ba. Wanda bai ci tawa ba ba zai san haka ba. Amma sai da na yi wata biyu kafin zuciyata ta yarda in aika a kawo min ɗaya daga rumfa. Ban ma ci ba. Rabawa kawai na yi."

"Amma ba ki ce min komai ba," Rukayya ta ce cikin kuka.

"Ina jiran ki faɗa da bakinki. Ke kuma," ta juyo ga Amatullah, "ina son in ga wace ce zan sa a gidana. Mai ƙarya don a so ta ba na buƙata. Mai tona asiri don ta yi gaskiya ita ma ba na buƙata. Da kin rubuta abin da na ce, da yau ina jin kunyar ki, kina jin tawa."

Ta ja numfashi ta gyara ƙafa.

"Kada ki ɗauka na manta zafin maganarki. Ban manta ba. Amma na yafe. Rukayya, share hawayenki, daga yau da yamma a nan ɗakin za a riƙa haɗa ƙullu ina kallo, in ya so a rage yawa. Mansir!"

"Na'am, Hajiya."

"Kana zaune kamar an dasa ka. Tashi ka je gidan Baffanka, ka ce ina gaishe shi, ya sa ranar zuwa Tirwun cikin satin nan."

Mansir ya miƙe da sauri har kansa ya bugi saman ƙofa. Ya dafe wurin yana dariya, idonsa cike da ruwa. Rukayya ma sai da ta yi dariya cikin kukanta.

"A hankali, ango!" ta ce. "Kada a kai mata kai da ƙulu."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura auren. Rumfar gindin durumi ba ta cika a rana ɗaya ba. Mutane sun fi saurin jin an lalace fiye da jin an gyara. Amma tsofaffin masu saye sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna gaya wa juna da baki.

Amatullah ta ci gaba da zaga gari ranar Asabar, wani lokaci da Felicia, wani lokaci a bayan mashin ɗin mijinta. Darasin da ta ɗauka ba ta taɓa rubuta shi a shafinta ba, amma shi ne dalilin ba da labarin nan. Gaskiya ba ta ba mutum izinin wulaƙanta kowa, kuma soyayya ba ta ba shi izinin yin ƙarya. Wanda ya ga aibi a wurin ɗan uwansa, ya je ya same shi shi kaɗai. In kuma an matsa masa ya sayi farin cikinsa da ƙarya, ya yi haƙuri ya jira. Jiran yana da ɗaci, Amatullah ta sha shi wata uku. Amma ranar da aka kai ta gidan Hajiya Saudatu, kanta a sunkuye yake don kunyar amarci kawai, ba don wani abu da take ɓoyewa ba.